Malam Ladan Mai Lallashin Ƙarfe

Akwai wani dattijo a garin Azare, wajen shekarar 2005, sunansa Malam Ladan. In ka tare mutum goma ka tambaye su sana'arsa, tara za su ɗaga kafaɗa. Na goman ne zai ce, "Oho, tsohon nan na ƙarshen garejin Alhaji Sha'aban, mai juya ƙarfe kamar yana niƙa barkono?"

To ku tsaya ku ji sana'ar, don in ba ku gane ta ba labarin ba zai yi muku daɗi ba.

A ƙarƙashin babbar mota, tsakiyar aksul na baya, akwai ƙarfe biyu masu haƙora. Ɗaya babba kamar faranti, ɗaya ƙarami kamar masara guda. Ƙaramin ke juya babban, babban ya juya tayoyi. In an ƙero su sababbi, haƙoransu ba su san juna ba. In ka haɗa su a haka, sai cizo da ihu.

Shekara goma sha tara Malam Ladan ya yi a wata masana'anta a Kano, aikinsa ɗaya tak. Ya ɗauko babban da ƙaramin, ya shafa musu wani kwaɓi na giris da garin dutse mai laushi kamar kwalli, ya riƙa juya su a hankali, gaba, baya, gaba, baya, har haƙoran su kwanta a jikin juna. A can masana'antar lafin ake ce wa aikin. Shi kuwa cewa yake lallashin ƙarfe.

In sun saba, sai a buga musu lamba iri ɗaya. Daga ranar an gama, ba a raba su. Ko ka kawo wani mai kama da shi sak, ba zai zauna ba, sai an sake lallashinsu daga farko.

Da masana'antar ta rufe, ya dawo gida Azare da matarsa Zuliha, da gwangwani uku na kwaɓin nan, da wani teburin ƙarfe mai mariƙi da ya haɗa da hannunsa. Ba su cika shekara da dawowa ba Zuliha ta rasu. 'Yarsu ɗaya, Khaulat, tana aure can Fatakwal, sai da Sallah ake jin labarinta a bakin direbobi.

Gida ya zama ɗaki biyu da mutum ɗaya. In ya yi tari, shi zai ce wa kansa sannu.

Alhaji Sha'aban, mai filin garejin kuma mai manyan motoci uku da ke jigilar kaya tsakanin Katagum, Gamawa da Azare, shi ya ba shi wata 'yar rumfa a ƙarshen fili, don Allah kawai. Aiki kuwa sai a yi wata biyu ba a kawo masa ko ɗaya ba. Wa zai jira kwana uku a kan ƙarfe biyu?

Amma kullum shi ke riga kowa zuwa. Ya share rumfar, ya goge teburin da ba wanda ya ɓata, ya zauna. Ba aikin yake jira ba. Hayaniyar yake so. Bugun guduma, zagin direbobi, gardamar ƙwallo, rediyon mai faci. Ba da shi ake hirar ba, amma tana zuwa kunnensa, kuma hakan ya ishe shi.

A yini guda, mutum ɗaya ke masa maganar arziki: Meram mai abinci.

"Malam, da wake ko ba wake?"

"Da wake, Meram."

Shi ke nan hirar ta ƙare, sai kuma gobe.

A garejin akwai wani bakanike, Babayo, da ake wa kirari da Yanzu-Yanzu. Gaskiya hannunsa na da sauri. Kafin direba ya gama shan shayi ya sauke inji. Sai dai bakinsa ya fi hannun sauri. In zai wuce rumfar sai ya ƙame kamar soja ya sara.

"Injiniya Hawainiya! Yau haƙori nawa aka wanke? Ko har yanzu ana kan na bara?"

Gareji ya kwashe da dariya. Malam Ladan ma sai ya yi murmushi. Kada ku ce haƙuri ne kawai. Wallahi har daɗi yake ji, don ko ba komai an tuna yana wurin.

Lokacin ne wayar salula ta shigo gari da ƙarfinta. Ko'ina lema, ko'ina tebur, ka biya ka kira. Wata Laraba Alhaji Sha'aban ya taho rumfar yana gyara babbar riga, yana kallon ko'ina ban da fuskar dattijon.

"Malam, ƙanin uwargidana, Bahauddeen, zai fara sana'ar waya. Ka ga nan ne bakin titi. Kai kuma, ka yi haƙuri, ban ga ana kawo maka komai ba. Ƙarshen wata sai ka kwashe kayanka. Ai a gida ma za ka fi hutawa."

"To, Alhaji. Na gode da zaman da na yi."

Saura kwana tara. Ranar ko rabin abincin Meram bai ci ba.

Ana cikin haka motocin Alhaji biyu suka buƙaci sabon ƙarfen aksul. Aka aiko da na hannu daga Kano, saiti biyu a buhu ɗaya. Babayo ya zazzage su a ƙasa, ya watsa musu fetur, ya ɗauki babba ɗaya da ƙarami ɗaya ya ɗaura wa mota ta farko, ragowar ya ɗaura wa ta biyu. Lamba? Ko kallonta bai yi ba. A wurinsa ƙarfe ƙarfe ne.

Kafin la'asar ya gama, yana ta bugun ƙirji.

Da aka tada motocin aka hau titi, sai kuka. Ba ƙaramin kuka ba. Wuuuuu, kamar an taka wutsiyar kare a masallaci. Direba ɗaya ya rantse tun daga Itas mutane ke fitowa daga gida suna leƙen abin da ke tafe.

Babayo ya sauya mai. Kuka. Ya sauya boris. Kuka. Ya ɗaure, ya sassauta. Kuka ya ƙaru. Kwana uku ana abu ɗaya, Alhaji ya fara cewa zai kira bakanike daga Bauchi, wanda hakan ga Babayo ya fi mari ciwo.

Shi kuwa Malam Ladan tun ranar farko, daga inda yake zaune, kunnensa ya gaya masa komai. Ya san in ya miƙe ya faɗa a gaban Alhaji da jama'a, rumfarsa ta tsira, Babayo kuma ya gama yawo a garejin nan. Ya yi ta juya abin a ransa. Sai ya tuna ranar da aka liƙa takardar sallama a ƙofar masana'anta, yadda magidanta suka tsaya suna karanta sunayensu. Babayo na da mata da 'ya'ya huɗu.

Da aka tafi sallar azahar, ya tsaya ya jira shi a bakin randar alwala.

"Babayo, ɗan zo."

"Injiniya, yau ba ni da lokacin wasa."

"Ba wasa ba ne. Ka raba su. Ƙaramin wannan motar na waccan ne, na waccan kuma na wannan. Ka kwance ka duba gefensu, za ka ga lamba."

Babayo ya yi tsaki, amma ya je ya kwance. Ga lamba nan ɓaro-ɓaro. Ya dawo jiki a sanyaye.

"To sai in musanya kawai?"

"Da ranar farko ce, eh. Yanzu sun kwana uku suna cizon baƙo, sun ji wa juna ciwo. Kawo su nan in sasanta su."

Kwana biyu Malam Ladan ya yi a kan teburinsa. Ya shafa kwaɓi, ya juya. Ya wanke da kananzir, ya shafa bula irin ta wanki a haƙoran, ya juya sau ɗaya, ya duba inda bular ta goge. In ta goge a gefe, da saura. In ta goge a tsakiyar haƙori, sun daidaita. Ya sake shafawa, ya sake juyawa. A ƙarshe ya wanke su sau bakwai, don ko ƙwayar garin nan ɗaya ta rage a ciki, ita za ta cinye motar.

A fili ya yi aikin nan, rana tsaka, a gaban kowa. Ba wanda ya lura. Mutane sun saba idonsu na tsallake rumfar nan kamar yadda ake tsallake kwata.

Aka ɗaura. Motoci suka tashi shiru, sai ƙarar inji kawai. Alhaji ya rungume Babayo a tsakiyar gareji.

"Kai, yaron nan aljani ne! Me ka yi musu?"

Malam Ladan na zaune, yana goge bula a hannunsa, yana jira. Babayo ya ɗan waiga wajen rumfar. Ido ya haɗu da ido. Sai ya juya ya ce:

"Alhaji, sirrin sana'a ne. Wani haɗi nake da shi."

Aka yi ta tafi. Aka sayo lemo. Ko kwalba ɗaya ba ta iso ƙarshen fili ba.

Ranar ƙarshen wata, Malam Ladan ya ɗauko mai kura ya ɗora teburinsa da gwangwanayensa. Kafin su yi nisa har an fara kafa lemar Bahauddeen. Meram ce kaɗai ta biyo shi da kwano.

"Malam, ka tafi da wannan. Na sa wake da yawa."

Ya karɓa da hannu biyu, ya bi bayan mai kura.

Zaman gida ba wasa ba ne, jama'a. Ya ajiye teburin a zaure. Da safe ya share tsakar gida. Da hantsi ya sake sharewa. Yakan fito ƙofa ya zauna, amma unguwar tasu ta ma'aikata ce, kowa ya fita tun safe, sai awaki. Ya fara zuwa masallaci tun kafin a kira salla, ya zama na ƙarshen fita, don dai a ce masa "Malam, ina wuni."

Wata rana ya shirya tsaf, ya sa hula, ya kama hanya. Sai da ya hango garejin daga nesa ya tuna ba shi da wurin zama a can. Ya tsaya gindin wata dalbejiya yana jin bugun guduma daga nesa, kamar mai satar sauraro. Da ya ga wani direba na tahowa, ya yi sauri ya sunkuya kamar yana gyara takalmi, sannan ya juya gida.

Tabarmar Zuliha na nan a naɗe a lungu. Wani lokaci yakan shimfiɗa ta, ya zauna a tasa, ya ba ta labarin yadda yinin ya wuce. Labarin ba ya daɗewa, don ba abin da ya faru.

Haka ya yi mako biyar.

A can gareji kuwa, mota ta uku ta Alhaji ta karya haƙori a babban farantin. Alhaji ya ce ba sai an sayi saiti ba, a sayo babban kawai.

"Tunda muna da Babayo mai haɗi, ai sai ya haɗa sabon da tsohon."

Babayo ya ce, "An gama, Alhaji."

Ya tuna ya ga tsohon na shafa wani abu mai gari-gari yana juyawa. To mene ne wahala a ciki? Ya aika aka ɗebo masa yashi daga kogin Jama'are, ya ari rariyar matarsa ya tankaɗe, ya kwaɓa da giris. Juyawa da hannu kuma ai aikin marasa abin yi ne. Sai ya je wurin mai injin niƙa, ya ɗaura bel, aka tayar.

Abin da Malam Ladan ke yi a kwana biyu, Babayo ya gama a minti arba'in. Haƙoran suka fito fes suna ƙyalli kamar sabon cokali. Bai san ƙyallin nan fatar ƙarfen ce mai tauri ya kankare ba. Ya ɗauraye sau ɗaya, ya ɗaura, ya ce a tafi.

Motar ta je Katagum lafiya, ta ɗauko albasa da busasshen kifi. A hanyar dawowa, rana na tsaka, aka ji garau-garau-garau, sai tsit. Da aka buɗe aksul ɗin a gefen hanya, abin da ke ciki ya fi kama da fate. Haƙora sun zube, boris ya narke. Albasa ta kwana biyu a rana kafin a samo wata motar. Masu kayan suka zo gareji, kowa da kalar zaginsa.

Babayo ya ce ƙarfen ne jabu.

Alhaji Sha'aban dai ba yaro ba ne. Ya sa aka kawo wani babban da ƙaramin, su ma ba 'yan lamba ɗaya ba, don abin da aka samu ke nan. Ya sa aka ajiye masa kujera a tsakiyar gareji, ya zauna, ya harɗe ƙafa.

"To bismilla. Yi haɗin naka irin na farko, wanda ya yi kyau. Yau ba inda za ni, ina so in ga sirrin nan da idona."

Kowa ya ajiye aikinsa ya matso. Har mai faci ya kashe rediyo.

Babayo ya ɗauki babban ya ajiye. Ya ɗauki ƙaramin ya hura masa iska. Ya ce a ba shi sifana mai lamba goma sha bakwai, aka ba shi, ya rasa me zai kwance da ita. Gumi ya jiƙa masa riga har baya.

"Muna jira," in ji Alhaji.

Daga bayan tukunyarta Meram ta ce, "Ko in aro maka rariyata? Tawa ta fi laushi."

Dariyar da aka yi ita ta ƙarasa shi. Ya durƙusa a gaban kujerar.

"Alhaji, ka yafe mini. Wancan aikin ba ni na yi ba. Ni na ɓata, Malam Ladan ya gyara. Ya rufa mini asiri, ni kuma na bari aka kore shi."

 Alhaji ya miƙe ya ce, "Ɗauko ƙarafan nan. A kanka za ka ɗauke su, ba a mota ba."

Da hantsi suka isa. Malam Ladan na zaure, ya ji sallama, ya ɗauka gidan maƙwabta ake yi wa. Sai da aka yi ta uku ya amsa. Ya leƙo ya ga Alhaji, ga Babayo da buhu a ka, ga rabin gareji a bayansu. Ya ruɗe, ya shiga neman tabarmi, ya rasa inda zai zaunar da mutane haka.

Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Malam, na yi maka laifi. Rumfarka na nan. Yau ɗin nan zan sa Bahauddeen ya kwashe lemarsa. Shi kuma wannan, kai za ka faɗi abin da za a yi da shi. In ka ce ya bar garejin, ya bari."

Malam Ladan ya dubi Babayo, wanda wuyansa ke rawa a ƙarƙashin buhu.

"Sauke kayan nan kafin ka karye. Alhaji, kada a kori kowa. Na ɗanɗana, ba na yi wa wani fata. Bahauddeen ya zauna, rumfar ta ishe mu, ni lungu kawai nake so. Shi kuma Babayo, aiki zan ba shi. Hannuna ya fara ciwo. Shi zai juya mariƙin, ni in duba."

"Na kwana nawa, Baba?" in ji Babayo. Yau babu Injiniya, babu Hawainiya.

"Ƙarfen ne zai faɗa."

Washegari aka mayar da teburin. Rumfar ta zama wani iri: gefe ɗaya masu waya na ihu, "Kana jina? Ka ce wa Inna kayan sun iso!", gefe ɗaya Babayo Yanzu-Yanzu na zaune a kan bulo yana juya mariƙi kamar mai tuƙa tuwon biki. In ya ɗan ƙara sauri, Malam Ladan ya taɓa masa hannu.

"A hankali. Ba korarsu kake ba."

Bayan minti biyar: "Baba, ya yi?"

"Bai yi ba."

Bayan wasu biyar: "Yanzu fa?"

"Juya baya."

Direbobi suka mai da wurin majalisa don kallon wannan abin al'ajabi. Wani har ya biya kuɗin waya ya kira ɗan'uwansa a Gamawa don kawai ya gaya masa Babayo ya yi awa uku a zaune wuri ɗaya. Da masu kallo suka gaji da tsokana, sai suka fara tambaya. Me ya sa ake juyawa baya? Garin nan na mene ne? Malam Ladan ya yi ta bayani har muryarsa ta dishe, don ta daɗe ba ta yi aiki irin haka ba.

Rana ta uku da la'asar aka wanke, aka shafa bula, aka juya sau ɗaya. Malam Ladan bai duba ba. Ya tura wa Babayo farantin.

"Kai ka gaya mini."

Babayo ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Kowanne, a tsakiya bular ta goge, kamar an auna. Ya daɗe yana kallo.

Aka ɗaura, mota ta tashi lafiya lau. Jama'a suka watse. Malam Ladan na rufe gwangwaninsa, sai ya ga Babayo bai tafi ba, yana tsaye yana sosa ƙeya.

"Baba, akwai wata tifa da za a kawo daga Itas, ita ma tana kuka. Gobe da wane lokaci zan same ka?"

Malam Ladan ya tsaya da murfin a hannu. Tun rasuwar Zuliha ba wanda ya tambaye shi inda zai kasance gobe.

"Ka zo da wuri," ya ce. "Ina nan."

Darasi: Kada ka raina mutum don aikinsa ba shi da hayaniya, kuma kada ka ɗauki yabon da ba naka ba, don ranar da za a ce ka maimaita tana zuwa, kuma a gaban jama'a za ta zo. Sannan ka duba kusa da kai, akwai wani da ke zaune shiru wanda gaisuwarka kaɗai yake jira. Ka gaishe shi yau, ka kuma tura wannan labari ga 'yan'uwa, musamman wancan abokin naka mai gaggawa, kada ka ce ni na ce.